Tambayi Mai Salon: In Rini Ya Ɓaci a Kai

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka sauko daga Sallah aka shiga bukukuwa, saƙonnin da ke zo mini daga unguwannin Yamai da garuruwan jihar Tawa kusan duka a kan rinin gashi suke, kuma kowa hanyar gyara wanda ya ɓaci yake nema. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Ta farkon na tsawaita a kanta, domin yawancin sauran daga gare ta suka samo asali.

TAMBAYA: Tanti, ina gaisuwa. Ina da ɗan salon a Tawa, bara na gama koyo. Wata kiliyata ta daɗe tana shafe kanta da baƙin rini na kwali duk wata 2 saboda furfura. Ta zo ta ce ta gaji da baƙi, ruwan zuma take so don bikin ƙanwarta. Na sayo tib ɗin rini lamba 7.3 da oksidan, ruwan da ake haɗa rini da shi, mai ƙarfin bolim 30, na shafe kan duka, na rufe da leda minti 45. Da na wanke, gindin gashin ya fito ruwan goro jawur, sauran kuwa yana nan baƙi ƙirin. Ta ɗaura kallabinta ta tafi, ko uffan ba ta ce ba. Wata abokiyar aiki ta ce in maimaita da bolim 40. In maimaita? Mai salon, Tawa.

AMSA: Ƙanwata, kada ki maimaita. Ajiye bolim 40 ɗin nan mu bi abin da ya faru daki-daki.

Rini ba ya cire rini. Ki ɗauki shaddar da aka rina baƙa ki tsoma ta a ruwan rini mai ɗorawa, ko kwana ta yi a ciki, baƙa za ki tsamo ta. Oksidan ɗin da ke cikin haɗinki yana iya cin launin da Allah ya halicci gashi da shi, wanda ake kira melanin, amma ƙarfinsa ba ya kai wa ga baƙin kwalin da ya riga ya zauna cikin silin gashi. Shi ya sa tsawon gashin bai motsa ba. Ki yi lissafi kuma. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata. In kika ja silin gashin matar nan ya miƙe ya kai santimita 20, to bakinsa ya haura shekara da rabi a kanta, kuma tunda kai duka take shafewa kowane karo, bakin nan ya sha baƙi wajen sau 10, wani a kan wani.

Gindi kuwa sabon tsiro ne da rini bai taɓa ba. Ga ɗumin fatar kai a ƙarƙashinsa, ga leda a samansa, ga zafin Tawa a ɗakin, dole ya yi saurin buɗewa. Kuma baƙin gashi irin namu ba ya tsallakawa zuwa ruwan zuma kai tsaye. Sai ya bi ta ja, ya shiga ruwan goro, ya zama ruwan lemo, sannan ɗorawa, a ƙarshe ɗorawa mai haske. Matakan duhun gashi 10 ne, 1 shi ne baƙi ƙirin, 10 shi ne mafi haske, yawancinmu kuwa tsakanin 1 da 3 muke. Bolim 30, wato feroksid kashi 9 cikin 100, mataki 2 zuwa 3 yake ɗagawa. Daga 2 ya kai ki 5, nan kuwa ja da ruwan goro ne ke zaune. Tib ɗin da kika zaɓa ya ƙara wa abin wuta, domin lambar da ke bayan ɗigo ita ke faɗin ruwan rinin. A tsarin L'Oréal, 1 toka ce mai shuɗi a cikinta, 2 shunayya, 3 zinariya, 4 jan ƙarfe, 6 ja. Kin ga 7.3 zinariya kika zuba a kan ruwan goro. Ki kula, kowane kamfani da tsarinsa. A wajen Wella 6 shunayya ce, don haka takardar da ke cikin kwali ita za ki bi.

In kika koma da bolim 40, kashi 12 cikin 100 ke nan, gindin zai ƙara haske, tsawon zai ƙara rauni yana nan baƙi, fatar kan da ta sha magani kwanan nan kuma tana iya ƙonewa.

Hanya biyu ce a gabanki. In biki ya matso, ki mayar da gindin duhu ya haɗu da sauran. Ki samu tib mataki 3 ko 4, rabi na asali mai sifili bayan ɗigo, rabi mai toka, ki haɗa da bolim 10, ki shafa wa gindin kaɗai, ba leda, ki cika lokacin da takarda ta faɗa. Shuɗin da ke cikin tokar shi zai kashe ruwan goron. Za ta shiga biki da kai mai launi ɗaya, wannan ya ishe ta a yanzu.

In kuwa tana nan a kan bakanta na barin baƙi, aiki ne na watanni, ki faɗa mata haka tun kafin ta zauna. Akwai maganin cire rini da ba hodar haskaka gashi ba ne, kwalabe biyu ne ake haɗawa, yana da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ba ya taɓa launin asali, ƙwayoyin rinin kwali yake ƙanƙantawa har ruwa ya iya fitar da su. In babu a Tawa ki aika a nemo miki wajen masu kayan salon a Yamai. Ki fara gwadawa a kan ɗan tsagin gashi daga ƙeya. In ya yi, ki shafa daga baki zuwa tsakiya, ki bar gindi, sannan ki yi ta wankewa da ruwan ɗumi da shamfu har sai hannunki ya gaji, domin ragowar da ba ta fita ba tana sake duhu da zarar ta haɗu da oksidan. Ga yadda nake tabbatarwa: in ɗiga bolim 10 a kan sili kaɗan, in jira minti 5. In wurin ya yi duhu, baƙi yana nan ciki, sai a sake wani zama bayan gashin ya huta. In bai canja ba, an kai. Abin da za ki samu a ƙasa ja ne ko ruwan goro, kuma ba lallai ya zo bai ɗaya ba, bakin gashi ne zai fi jinkiri. Sai ki rufe da maro, wato ruwan ƙasa, mataki 4 ko 5 mai toka, ki ɗauki tib da ya fi wanda kike nufi haske da mataki ɗaya, saboda gashin da ya sha wahala yana zuƙar rini fiye da kima. Ruwan zuma kuwa, in gashinta bai taɓa defrizan ba, wato maganin miƙar da gashi, ki ba ta shi a ƴan tsagogi a gaba cikin takardar alminiyam daga baya. Kai duka ban ba ki shawara ba.

Saura shirun da ta yi. Kada ki jira ta dawo, ki shirya ki je gidanta ki gaishe ta, ki yi mata bayanin abin da ya faru yadda na yi miki, ki ce gyaran gindin a wuyanki yake. Ni a ganina mai salon ba ta karɓar kuɗi a kan gyaran aikin hannunta. Daga yau kuma, duk wadda ta zauna a kujerarki don rini, ki tambaye ta duk abin da ya taɓa hawa kanta cikin shekara 2 da suka wuce: baƙin kwali, lalle, defrizan, har wanda maƙwabciya ta shafa mata a tsakar gida. Mata da yawa ba sa ƙidaya wannan a matsayin rini sai an ambata musu shi da suna.

TAMBAYA: Hajiya, na cire launin wata hular gashi ta gashin mutum da hodar dekoloran, ta tsaya a ruwan lemo. An ce in sa shamfu mai shunayya, na kusa ƙarar da kwalba babu canji. Ɗiyarki, Yantala.

AMSA: Ɗiyata, shunayya ɗorawa take kashewa. Ruwan lemo shuɗi yake so, ja kuma tsanwa. Ko ki nemi shamfu mai shuɗi, ko ki sa tib 6.1 da bolim 10 ki samu maro mai sanyi. In fari-fari kike so, sai kin sake ɗaga ta da hoda har ta kai ɗorawa mai haske, a nan ne shunayya za ta yi aiki. Ki duba da kyau ko hular ba a gauraya ta da zaren roba ba. Ki ƙona sili ɗaya: gashin mutum toka yake zama mai murjewa, roba kuwa dunƙulewa take yi. Mesh, wato gashin ƙari, na roba ba ya karɓar rini ko kaɗan.

TAMBAYA: Tanti, na yi defrizan ranar Laraba, ranar Asabar aka sa mini hoda don a yi mini launin zinariya a gaba. Yanzu in gashin ya jiƙe sai ya yi yauƙi, in na ja sai ya miƙe ya tsinke, mataji kuma cike yake fitowa. Wane mai zan saya ya dawo? Mai karatu, Talaje.

AMSA: Ƙanwata, na karanta saƙonki raina bai yi daɗi ba, kuma gaskiya zan faɗa miki. Wurin da ya kai ga yauƙi babu man da zai mayar da shi. Ƙarfin gashi yana cikin wasu ƙulle-ƙulle na sulfur da ke riƙe da furotin ɗinsa. Defrizan mai soda ƙarfinsa ya kai 12 zuwa 14 a ma'aunin pH, wato kusan ƙarshen ma'aunin, kuma aikinsa shi ne ya karya wani kaso na ƙullin nan don gashi ya kwanta, karyewar da ba ta komawa. Wanda aka rubuta masa cewa babu soda ma ɗan'uwansa ne, irin wannan karyawar yake yi. Hoda ta zo bayan kwana 3 ta ci ragowar. Magunguna irin Olaplex, da ya fito a 2014, suna rage ɓarna in an sa su tun ana aikin, suna kuma taimakon gashin da bai wuce gona da iri ba, amma wanda ya narke sai almakashi.

Ki je wajen mai hannu mai sauƙi ta jiƙa gashin, ta bi shi tsagi-tsagi tana jan sili a hankali. Lafiyayyen sili yana ɗan miƙewa ya koma. Inda ya miƙe ya ƙi komawa, daga nan za a yanke. In kika bar shi, tsagewar sama za ta yi ta hawa. Bayan haka ki nisanci defrizan da ƙarfen miƙar da gashi na tsawon watanni, ki riƙa sa abin gashi mai furotin lokaci-lokaci, mai laushi kuma duk mako, ki rufe da ɗan man kaɗe, musamman in hunturu ya shigo. Kitso ya zama sassauƙa da gashinki kaɗai. Na san zuciyarki za ta ce ki ɓoye shi a ƙarƙashin mesh mai nauyi, to nauyin nan shi zai ƙarasa gefen goshi. In launin da ya rage yana damunki, akwai rinin da ake shafawa kai tsaye ba tare da oksidan ba, yana fita da wanki a hankali, ba ya ƙara rauni.

Ga ƴan'uwana masu salon: tsakanin defrizan da rini mai oksidan a bar mako 2 aƙalla, kuma kada a wuce bolim 20. Hoda kuwa a kan gashi mai defrizan, ni ba na sawa ko nawa za a biya.

TAMBAYA: Yaya, na saba sa lalle haɗe da baba don rufe furfura. Da na je a ɗan haskaka mini gashin, sai ya fito tsanwa-tsanwa. Mai karatu, Ƙonni.

AMSA: Lalle yana da wani sinadari da ke manne wa furotin ɗin gashi manne na dindindin, maganin cire rinin da na ambata a sama ma ba ya iya masa. Baba kuma shuɗi ne. Hoda ta cinye baƙin asali ta bar ɗorawa, shuɗin baban bai tafi ba, ɗorawa da shuɗi kuwa tsanwa suke haifarwa. Ƙara hoda ƙara tsanwa ne. Gyaransa ja ne: a shafa rini mai ja ko jan ƙarfe a wurin, sannan a rufe da maro mai ɗumi da ya fi duhu. Ko ki koma ga lallenki zalla, shi ma zai danne tsanwar. Sauran kuma sai a riƙa datse baki a hankali har sabo ya maye gurbi.

Wannan dabarar ta mayar da ja tukuna tana aiki ga duk wadda ta yi haske take son komawa duhu. In aka zuba maro kai tsaye a kan gashi mai ɗorawa, launi marar rai yake bayarwa mai karkata ga tsanwa, saboda jan da hoda ta cire ba a mayar ba.

Kin ma yi sa'a a tsanwa abin ya tsaya. Wasu lallen kwali ana zuba musu gishirin ƙarfe, irin su jan ƙarfe da dalma, kuma ba kullum ake rubutawa ba. In suka haɗu da oksidan sai gashi ya ɗauki zafi ya kakkarye. Saboda haka duk wadda ta ce mini ta taɓa lallen kwali, sai na yanki ƴan sili daga ƙeyarta, in sa a kofin gilashi da bolim 20 da ɗan hoda, in ajiye a gabanmu mu biyu rabin awa. Ina taɓa jikin kofin da bayan yatsa. In ya yi ɗumi, ko ya fara tafasa da wari, ko silin ya marmashe tsakanin yatsuna, ita da kanta take cewa a bari.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai aski ne a Wadata. Na shafa wa wani dattijo baƙin gari da ake sayarwa a ƙulle a gemu da kai. Washegari aka ce mini fuskarsa ta kumbura har idanu sun rufe. Ya sha yi a wajena ba abin da ya same shi. Ko garin ne ya lalace?

AMSA: Malam, kafin komai a kai shi asibiti yau, a tafi da ƙullin garin a nuna wa likita. In leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, wannan na gaggawa ne, ba a jiran gari ya waye. Kada a shafa masa komai na gida, a dai wanke ragowar da ruwa da sabulu marar ƙarfi.

Alamun da ka faɗa na ƙin jinin wani sinadari ne da ake kira PPD, wanda ke cikin yawancin baƙin rini. Jiki yana iya karɓarsa shekara da shekaru, rana ɗaya ya juya masa baya, kuma in ya juya ya juya ke nan har ƙarshen rayuwa. Kumburin yakan bayyana bayan awoyi, wani sa'in sai bayan kwana 2 ko 3. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin da aka haɗa ba, kuma kwalayen can suna ɗauke da gargaɗin kada a yi wa wanda bai kai shekara 16 ba. Garin ƙulli kuwa babu takarda, babu awo. Ka daina saye. Dattijon nan kada ya sake kusantar baƙin rini sai likitan fata ya gwada shi, lalle zalla ya fi masa. Malamanmu na Malikiyya ma dama sun karhanta rina furfura da baƙi, ba su haramta ba, suka ce babu laifi a lalle.

Mata ku saurara nan. Baƙin lallen da ake zana wa amare a hannu sau da yawa PPD ne a ciki, kuma wadda zanen ya taɓa yi mata ƙuraje ko ƙaiƙayi, ranar da aka rina mata kai abin zai fi muni. A riƙa tambaya. A riƙa kuma gwaji awa 48 kafin aiki: ɗan ɗigo a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu yadda takardar kwalin ta tsara, in ya yi ja ko ƙaiƙayi a fasa. Rinin kai ba ya zuwa gira ko gashin ido. Kai ma, Malam, ka sa safar hannu kullum, domin hannun mai shafawa ya fi kan kowa haɗuwa da shi. Ka ajiye rinin inda yara ba sa kai wa, guba ne mai kisa in aka haɗiye.

TAMBAYA: Tanti, rinin da na saba da shi ya daina kamawa, furfurar gefen kunne tana fitowa fara bayan wanki biyu. Tib ɗaya ne, hannu ɗaya. Mai salon, Bukoki.

AMSA: Ki fara zargin oksidan ɗinki. Zafi da hasken rana suna kashe feroksid, kuma a watan Afrilu Yamai tana haura digiri 40, balle salon mai rufin kwano. Kwalbar da aka bari a buɗe, ko wadda ta kumbura, ko wadda aka ɗura daga babban galan aka ajiye a taga, bolim 20 ɗin da aka rubuta mata ba shi ne a ciki ba. Ki sayi ƙarama, ki rufe da kyau, ki ajiye a ƙasa cikin inuwa. Tib ɗin da bakinsa ya yi baƙi ki matse wannan ɓangaren ki zubar. Ki haɗa a kwanon roba, ban da na ƙarfe, ki auna da sikeli yadda kamfanin ya ce, ko 1 da 1 ko 1 da 1 da rabi, kuma abin da kika haɗa ki shafa nan take.

Furfurar gefen kunne ita ta fi taurin kai. Da ita za ki fara, ki cika mata rini sosai, ki bar ta cikakken lokaci. Aƙalla rabin haɗin ya zama na asali mai sifili bayan ɗigo, da bolim 20, domin ja ko zinariya kaɗai ba sa rufe fari. Ki tabbata babu man kaɗe ko bazilin mai kauri a gashin ranar aiki. In kuma ruwan da kike aiki da shi yana barin jan tabo a bokiti ko farin ɓawo a buta, ki wanke kan da shamfu mai cire dauɗar ma'adinai kwana ɗaya kafin rinin, ɗaurayar ƙarshe kuma ki yi ta da tataccen ruwa.